Inda aka hana bulo: ziyara a sansanonin Rohingya na Cox's Bazar

Daga Dhaka, babban birnin Bangladesh, zuwa Cox's Bazar tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. Garin na masu yawon shaƙatawa ne, otal-otal sun jeru a bakin teku, rairayin gaɓar kuma ya miƙe kudu har wajen kilomita 120. Wanda ya tsaya nan ba zai kawo a ransa cewa kilomita talatin da 'yan kai daga inda yake akwai sansanin 'yan gudun hijira mafi girma a duniya ba. Na isa a watan Afrilun 2025, zafi ya tsananta, kowa ya duƙufa shirin damina.

Ba a shiga sansani kai tsaye. Sai da takardar izini daga ofishin kwamishinan kula da 'yan gudun hijira na gwamnatin Bangladesh, wanda kowa ke kira RRRC. Sansanonin 33 ne a ƙananan hukumomi biyu, Ukhiya da Teknaf, kowanne da jami'in gwamnati da ke riƙe da shi, ana ce masa CiC, kuma ofishinsa baƙo zai fara kai gaisuwa. A ƙasa can akwai majhi, kamar mai unguwa ke nan, ɗan Rohingya da ke kula da rukunin gidaje. Asalin kalmar na nufin matuƙin kwale-kwale. Motocin ƙungiyoyin agaji kan bar gari da sassafe, su tsaya a shingen 'yan sanda a duba takardu, kuma tilas ne su fito kafin rana ta faɗi.

Mazauna sansanonin kusan duk Musulmin Rohingya ne daga jihar Rakhine ta Myanmar, ƙasar da kakanninmu suka sani da Bama. Yawancin waɗanda na tambaya garinsu, ko su ce Maungdaw ko su ce Buthidaung. Shi Buthidaung ɗin, runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da ta yi wa Birtaniya yaƙin duniya na biyu, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta, ita ta ƙwace shi daga hannun Japanawa a Disambar 1944, kuma kogin Kalapanzin da ke wannan yanki shi barikin Kalapanzin na Kaduna ya ci sunansa. Dokar zama ɗan ƙasa da Myanmar ta kafa a 1982 ta bar Rohingya ba su da ƙasa. Sun gudo Bangladesh a 1978, suka sake gudowa a 1991 zuwa 1992, amma babbar fitowar ita ce wadda ta fara ranar 25 ga Agustan 2017, bayan mayaƙan ARSA, wata ƙungiyar Rohingya mai ɗauke da makamai, sun kai wa ofisoshin 'yan sanda hari, sojojin Myanmar kuma suka afka wa ƙauyuka da kisa da fyaɗe da ƙone-ƙone. Cikin 'yan watanni mutum fiye da dubu 700 suka ƙetare kogin Naf da kan iyakar tudu. Yau sun haura miliyan ɗaya, fiye da rabinsu yara.

Bangladesh ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. A takardunta, mafi yawan mutanen nan 'yan Myanmar ne da aka kora da ƙarfi, baƙi na ɗan lokaci da za su koma gida. Duk abin da na gani a sansanonin daga wannan matsayi ya tsiro. Baƙon ɗan lokaci ba ya gini da bulo, ba ya ɗaukar aiki, ba ya fita shinge sai da izini. Don haka a Kutupalong da Balukhali, inda mutum fiye da dubu 600 suka cunkushe cikin fili mai murabba'in kilomita 13 ko kusa da haka, kusan kowane ɗaki na gora ne da tamfol, tun 2017.

Gorar iri biyu ce. Akwai borak, mai kauri kamar damtsen ƙato, ita ce ginshiƙi da azara. Akwai muli, siririya, wadda ake tsagawa a saƙa kamar zana a yi bango, ko a jera ta a danne tamfol. Ɗakin iyali bai cika wuce ƙafa goma a faɗi da goma sha biyar a tsawo ba. A ciki ake kwana, a ciki ake girki, sau da yawa a ciki mata suka keɓe lungun wanka, mutum biyar ko shida. Na shiga ɗaya da tsakar rana. Ba taga, haske sai wanda ya ɗigo ta ramukan saƙar muli, zafin da tamfol ya tara kuma kamar bakin tanda. Mai gidan ya miƙo mini ganyen paan da ƙwayar supari, wanda shi ne goronsu, ya kira ni bhai, wato ɗan'uwa, sannan ya ƙwanƙwasa ginshiƙin tsakiya da yatsa. Farin gari ya zubo ta wasu hudoji ƙanana kamar na allura.

Wannan garin shi ne ciwon gora. Wani ƙwaro ne ke shiga ya cinye sitacin cikinta, ɓawon na nan lafiya a ido, ciki kuwa ya zama fanko. Ta ƙasa kuma gara da danshi ke ci. Gorar da ba a yi wa magani ba, in aka kafa ta cikin ƙasa kai tsaye, da wuya ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu. A farkon shekarun abin ya fi muni, domin buƙata ta yi yawa, masu sayarwa suka riƙa saro wadda ba ta ƙosa ba, alhali gora sai ta yi shekara uku zuwa biyar a tsaye take ƙosawa. Daga baya IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe wurin jiƙa gora a Nhila ta yankin Teknaf. Ana wanke ta, a zura dogon ƙarfe a huda gaɓoɓin ciki don ruwa ya ratsa, a nutsa ta kwanaki cikin manyan tankunan ruwan sinadarin boron, sannan a jingine ta ta bushe. Hakan na ƙara mata shekaru. Amma shi boron ruwa na wanke shi. In aka kafa gorar cikin laka, ko aka bar ruwan sama na dukan gindinta, maganin zai tsiyaye, aiki ya koma baya. Shi ya sa ake ɗora ginshiƙi kan ɗan dandamalin siminti ko takalmin ƙarfe, a kuma sako rufi ya ɗan zarce bango. Gidajen da na ga an bi wannan ƙa'ida, ginshiƙansu na tsaye ƙyam. Waɗanda aka tsallake ta, an riga an tokare su da sanda.

Tamfol shi rana ke kashe shi. Bayan shekara guda a ƙarƙashinta sai ya bushe ya fara tsagewa, musamman inda aka huda shi da waya, ko inda ya gogi kan gora mai kaifi. Kafin damina ana raba wa gidaje igiya da waya da buhuna. Yadda ake ɗaurin shi ne a jefa igiya ta haye rufin daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗaure kowane bakinta a turke ko a buhun yashi da aka binne, a kuma gicciya gora biyu a kusurwoyin bango don kada ɗakin ya karkace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaure igiyar a jikin ginshiƙin ɗakin kansa. In iska ta shiga ƙarƙashin rufi, sai ta ɗaga rufin da ginshiƙin gaba ɗaya. Guguwar teku na zuwa sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa Mayu, sai kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Masu sa kai na ɗaga tuta ɗaya, ko biyu, ko uku gwargwadon kusancin haɗari, suna zagawa da lasifika. Sai dai babu ginin siminti da zai ɗauki mutum miliyan, mafaka ita ce masallaci ko ajin yara, su ma na gora. Da guguwar Mocha ta sauka ranar 14 ga Mayun 2023, tsakiyarta ta faɗa wa Rakhine ne, gefenta kawai ya taɓa sansanonin, duk da haka dubban ɗakuna suka lalace.

Filin kansa dajin gwamnati ne a da, tuddai na yashi da yumɓu. A 2017 aka sare itatuwan, aka tone har saiwoyinsu don girki, aka yanka tuddan kamar matakala aka ɗora ɗakuna. Ruwan da ke sauka nan a shekara ya fi na Kano ninki uku, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Yashin da ba saiwa a cikinsa, in ya sha ruwa ya ƙoshi, zamewa yake yi, ya binne wanda ke ƙasa. Haka aka yi ranar 19 ga Yunin 2024, mutum goma suka rasu. Ana tare gangara da bangon gora da buhunan yashi, a shuka wata ciyawa 'yar'uwar jemarmu a layi-layi a gicciye. Saiwarta na nutsawa tsaye mita biyu ko fiye, ta ɗinke ƙasar. An kuma shuka itatuwa masu saurin girma, har sansanonin da hotunan 2018 suka nuna jajur yanzu sun yi kore. Abu biyu ke warware wannan aiki. Na farko leda, wadda ke toshe magudana ruwa ya nemi hanya ta jikin gangara. Na biyu iyali su ƙaru, mai gida ya ɗauki fartanya ya ƙwaƙule gindin tudu don ya ƙara taku biyu a ɗakinsa. Ba zan ga laifinsa ba, mutum takwas a ƙafa goma sha biyar ba wasa ba ne, amma gindin nan shi ke riƙe da gidan maƙwabcinsa na sama.

A gefen daji akwai dogayen hasumiyoyin gora. Na gadin giwaye ne, don sansanin ya zauna kan tsohuwar hanyarsu, kuma sun tattake mutane da dama a farkon zuwa. Masu gadi kan kwana a sama da tocila da usur.

Da rani kuma wuta. Gora busasshiya, tamfol na roba, tukunyar gas a kowane ɗaki, lungu kuwa mutum biyu ba sa jerawa. Ranar 22 ga Maris 2021 gobara ta tashi a Balukhali, ta raba mutum fiye da dubu 45 da matsuguninsu, kuma waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda shingen waya mai ƙaya ya tare masu gudu. Ranar 5 ga Maris 2023 wata ta cinye ɗakuna wajen dubu biyu a sansani na 11, kwamitin binciken gwamnati kuma ya ce da gangan aka sa ta. Motar kashe gobara ba ta shiga lungunan, saboda haka an ɗora famfo da tanki a kan keken adaidaita sahu. Amma babban makamin masu sa kai dogon ƙugiya ne. In wuta ta kama, ba a tsayawa yaƙi da ɗakin da ke ci. Ana fizge layin ɗakunan da ke gabanta a kwantar da su ƙasa, ta iso ta tarar ba abin kamawa. Wahalar ita ce shawo kan mai ɗakin da wuta ba ta kai gare shi ba tukuna ya bari a rushe masa.

Abinci yana hannun hukumar abinci ta duniya, WFP. An daina rabon buhu a layi. Kowane gida na da rajista da aka yi da zanen yatsa, kowane wata ana zuba masa kuɗi a kati gwargwadon yawan mutanensa, ya je shagon da aka keɓe ya zaɓa. Lokacin ziyarata dala 12 ce ga mutum ɗaya a wata, wajen taka 1,450 a kuɗin Bangladesh, kusan naira dubu 19 a canjin lokacin, wato santi 40 a yini. Shagon babbar rumfa ce mai tsafta, da layin mata daban. Akwai shinkafa, da ƙananan waken da suke kira dal, da mai, gishiri, sukari, albasa, tafarnuwa, barkono, busasshen kifi da ƙwai. A gefe akwai rumfar ɗanyen kaya, kayan lambu da kaza da kifi, wani ɓangare daga manoman yankin, gidaje masu rauni kuma ana ƙara musu dala 3 a kan kowane mutum don nan. Na tsaya bayan wata dattijuwa da ta zo da jikanta. Shinkafa ta fara ɗauka, sai mai, sai dal, ai kuwa kuɗin ya kusa ƙarewa. Ta ɗauki ƙwai, mai lissafi ya faɗa mata abin da ya rage, ta mayar da rabi ta ɗauki barkono. Haka kusan kowa ke yi. Shinkafa da mai ke cinye katin, nama sai wanda ya samu.

Wannan adadi ba tsayayye ba ne. A Maris 2023 kuɗi ya yi ƙaranci aka rage shi daga 12 zuwa 10, a Yuni aka mai da shi 8. Binciken da aka yi ƙarshen shekarar ya nuna tamowa ta kama sama da kashi 15 cikin 100 na ƙananan yara, mafi muni tun bayan zuwan 2017. A 2024 aka riƙa ɗaga shi a hankali har ya kai 12.50. A Maris 2025, bayan Amurka ta datse tallafinta na ƙetare, aka sanar cewa zai faɗo 6. Cikin wannan fargaba babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya zo ya sha ruwa da su ranar 14 ga watan tare da shugaban riƙon ƙwaryar Bangladesh na lokacin, Muhammad Yunus, daga baya aka samu kuɗin da ya tsayar da shi a 12. Katin kuma abinci kawai yake saye. Ba ya sayen takalmi, ba ya sayen magani, ba ya sayen zanen lungi da maza ke ɗaurawa. Don haka mutum kan sayar da kwalbar mansa da araha a bakin hanya ya biya wata buƙata. Wanda ya ga man agaji a kasuwar Ukhiya kada ya yi saurin cewa sata ce.

A cibiyar kula da tamowa aikin iri ɗaya ne da wanda aka sani a Borno ko Diffa. Ana zagaya ɗan tef a damtsen yaro, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, an shigar da shi. Ana ba uwa abincin gyaɗa na leda mai giram 92 gwargwadon nauyin yaron, a ce ta dawo awo. Inda ake samun tangarɗa shi ne gida. Uwa mai 'ya'ya huɗu masu jin yunwa ba za ta iya ba ɗaya ta hana uku ba, sai a raba, yaron ya dawo nauyinsa bai motsa ba.

Gas ɗin girki an fara raba shi a 2018, lokacin da aka ƙiyasta cewa ana ƙona itace wajen tan 700 a kullum. Kowane gida na da tukunya mai kilo 12 da murhu, ana sake cika ta bisa yawan mutanen gida, ƙaramin gida ya jira fiye da wata, babba ƙasa da haka. A ganina cikin duk ayyukan agajin nan babu wanda ya kai wannan amfani. Shi ya bar daji ya farfaɗo, shi ya raba 'yan mata da tafiyar neman itace inda ake tare su, shi ya rage hayaƙi a ɗakin da ba taga. Amma sau da yawa gas kan ƙare saura kwanaki, sai a koma ƙona leda da busasshen ganye, nan kuma tari da gobara ke samun ƙofa.

Ruwa labarinsa biyu ne. A Ukhiya akwai shi a ƙasa. A rikicin farko an haƙa dubban famfunan tuƙa-tuƙa marasa zurfi kusa da masai, gwaji kuma ya nuna yawancin ruwan da ke gidaje ya gurɓata da ƙwayoyin bayan gida. Yanzu an koma rijiyoyin burtsatse masu zurfi, injin sola ya tura ruwa zuwa tankuna a kan tudu, a zuba kulorin, ya gangaro ta bututu zuwa famfunan unguwa safe da yamma. Abin da ake nema shi ne a samu ragowar kulorin tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo. In ya gaza haka bai kare ruwan ba, in ya wuce sosai mutane su ce yana wari su koma tsohon tuƙa-tuƙa. Kuma ko ruwan ya fito tas, gurɓatarsa tsakanin famfo da baki take faruwa: tulun alminiyon da ba murfi, moɗar da aka ajiye a ƙasa, hannun yaro. A Teknaf kuwa ruwan ƙasa kaɗan ne, madatsun ruwan sama ake dogara da su. Na je ƙarshen rani, madatsar da na gani ta koma laka, tuluna sun yi layi tun kafin a saki ruwa. Ma'aunin agaji na duniya ya ce aƙalla lita 15 ga mutum a yini, a irin wannan wata ba kowa ke samun ta ba.

Masai shi ne aikin da ba a ɗaukar hotonsa. Ma'auni ya ce mutum 20 ga masai ɗaya, kuma ya nisanci rijiya da mita 30, amma a kan tudun da ɗaki ke manne da ɗaki mita 30 wahalar samu take. Ramukan na zoben siminti ne, cika suke yi, tilas a kwashe. Matasa masu sa kai ke yi, da dogon takalmin roba da safar hannu, su zuƙe da ƙaramin inji zuwa tanki ta dogon tiyo, inda tiyo ba ya kaiwa kuma su ɗauka a duro biyu-biyu a kan sandar gora. A ƙananan wuraren tacewa ana gauraya shi da farar ƙasa ta kashe ƙwayoyin cuta, a shanya. Akwai kuma babbar matatar da ƙungiyar agaji ta Oxfam da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka buɗe a 2019. In an makara kwashewa ruwa ya sauka, ramin zai tumbatsa ya bi gangara ya shiga ɗakunan ƙasa, amai da gudawa su biyo baya. Mata kuma, inda ƙofa ba sakata ko fitilar sola ta mutu, ba sa zuwa da dare. Wasu rage ci da sha suke yi da yamma saboda haka. Sakata ɗaya da ƙwan fitila ɗaya na iya sa masai ya yi amfani ko ya zama ginin banza.

Cututtukan wurin na cunkoso ne. Mashaƙo da ƙyanda sun ɓarke ƙarshen 2017 a tsakanin mutanen da yawancinsu ba su taɓa samun rigakafi a ƙasarsu ba. Ƙazwa ta game sansanonin har sai da aka raba wa kusan kowa magani lokaci guda ƙarshen 2023. Binciken ƙungiyar likitoci ta MSF na 2023 ya gano kusan ɗaya cikin manya biyar na ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Mara lafiya daga kan tudu a kujera ko bargo ake ɗauko shi, an rataye a sandar gora, mutum biyu na ɗauke, har bakin titin bulo inda mota ke iya isowa.

Makaranta ta fi komai taɓa ni. Ba a yarda a koya wa yaran Bangalanci ba, don kada su saje su zauna. Tun ƙarshen 2021 aka fara koyar da manhajar Myanmar, da harshen Bama, amma malaman da suka iya shi sosai kaɗan ne, tunda can ma an tauye wa Rohingya karatu. Yaro ya tashi da harshen gida, ya yi allo da asuba a maktab, wato makarantar allonsu, ya shiga aji a yi masa da Bamanci da Turanci, ya gama kuma ba takardar shaidar da wata jami'a za ta karɓa. 'Yan mata da zarar sun balaga yawanci sai zaman ɗaki, in ba an samu ajin mata zalla a cikin unguwa ba. Bayan dawowata, a watan Yuni, rashin kuɗi ya sa aka rufe dubban azuzuwa.

Babba kuma ba shi da izinin aiki. Abin da aka bari shi ne sa kai da ɗan ihsani, taka 50 a awa ga mai aikin ƙarfi, shi ma karɓa-karɓa ake yi. Saura sai ɗan teburin sayar da paan, ko gyaran waya, ko a saci jiki a fita ƙwadago a gonakin mutanen gari da rahusa, abin da ya karya kuɗin lebura ya kuma jawo ɓacin rai, tunda a Ukhiya da Teknaf baƙi sun fi 'yan gida yawa. Saurayi ɗan shekara ashirin da ba aiki ba karatu, akwai masu jiransa. Da motocin agaji sun fita da yamma, sai ƙungiyoyin Rohingya masu makamai irin su ARSA da RSO, da masu fataucin ƙwayar yaba, da masu satar mutane don kuɗin fansa su karɓi dare. A ofishinsa na Kutupalong aka harbe Mohib Ullah, fitaccen jagoran Rohingya, ranar 29 ga Satumbar 2021. Wasu kuma su hau kwale-kwale zuwa Malesiya ko Aceh ta Indonesiya. A 2023 kaɗai UNHCR ta ƙirga 569 da suka mutu ko suka ɓace a teku cikin kusan 4,500 da suka tashi.

Duk wanda na zanta da shi gida yake so, amma da sharaɗi: takardar zama ɗan ƙasa, da filinsa, da tsaro. An shirya mayar da su a Nuwambar 2018 da Agustan 2019, motoci suka zo, ba wanda ya hau. Sojoji suka yi juyin mulki a Myanmar a Fabrairun 2021, mayaƙan Arakan Army, 'yan tawayen ƙabilar Rakhine, kuma suka ƙwace Maungdaw a Disambar 2024, Rohingya na tsakiya, gaba kura baya siyaki. Maimakon komawa, wasu dubbai ne suka ƙara shigowa, suna raɓe a ɗakunan dangi. Gwamnatin Bangladesh ta kwashe wajen dubu 35 zuwa tsibirin Bhasan Char tun Disambar 2020, can ginin na siminti ne, amma teku ce shingen. Da mutane suka ji daga Afirka ta Yamma nake, sai fuska ta saki su ce Gambiya. Ita ce ta kai ƙarar Myanmar kotun duniya da ke Hague ranar 11 ga Nuwambar 2019 bisa zargin kisan ƙare-dangi, ƙarƙashin ministan shari'arta Abubacarr Tambadou, wanda ya zo sansanonin da kansa a 2018. Kuɗin da ƙungiyoyin agaji suka nema don 2025 dala miliyan 934.5 ne, a cikinsu har da na sayen sabuwar gora da tamfol da za su maye gurbin na 2024.

Ranar ƙarshe na tsaya a wurin rabon kayan damina a Balukhali. Mai rajista na duba kati, wani na yanka igiya da awo, wani na ƙirga buhuna. Wanda ginshiƙinsa ya ruɓe, bayan an je an duba an tabbatar, ana ba shi borak. Wani dattijo ya karɓi biyu, ya naɗe ɗan tawul a kafaɗa ya saɓa, jikansa ya riƙe ƙarshen baya, suka fara hawan matakalar buhunan yashi, suna tsayawa a kowace kwana don gorar ta fi lungun tsawo. Hadari ya taso ta wajen teku, mata suka hau kwashe barkonon da suka shanya a kan rufi. Direbanmu ya nuna agogo, ƙarfe huɗu ta kusa, muka nufi shinge.